Gidan da Na Cire wa Tayoyi

Litinin, 2 ga Oktoba

'Yata Darla ce ta kawo littafin nan, wai in riƙa rubuta awon hawan jinina safe da yamma. Ɗari da sittin da takwas. To, an rubuta. Sauran shafin nawa ne.

Takarda ta zo yau. Ba ma a akwatin wasiƙa ba, a jikin ƙofa aka manna ta. Na bi ta da yatsa sau uku. A aji shida na bar makaranta, amma ba sai ka yi karatu za ka gane kora ba. 'Ya'yan marigayi Bledsoe sun sayar da filin. Wani kamfani zai gina rumbunan ajiye kaya. Gida arba'in da ɗaya, kowa ya ja nasa ya tashi kafin sha biyar ga Disamba.

Ya ja nasa. Haka suka rubuta.

Shekara talatin da shida ina biyan hayar wannan ƙasa, ban taɓa makara ba ko sau ɗaya. Tsoho Bledsoe ya kama hannuna a kan tsakuwar nan ya ce, "Virgil, sai dai a fitar da kai a akwatin gawa." Shi aka riga fitarwa. 'Ya'yansa kuwa ko gaisuwa ba su iya ba.

Talata, 3 ga Oktoba

Ban tsorata ba. Gidan nawa ne, takardar mallaka na hannuna. Ɗaki uku, bayi biyu, baranda, ga ɗakin ɗinki da na ƙara wa marigayiya matata Earlene da hannuna. Dala dubu sittin, ba zan sauko ba. In sayar in sami wani ɗan ƙarami a bakin kogi, abin da ya rage na Darla ne. Ita kaɗai gare ni. Mutum ba ya mutuwa ya bar wa 'yarsa kwalin gudumomi kawai.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Dillaliyar gidaje ta zo. Yarinya ce, da dogon takalmi, yana ta nutsewa a tsakuwa. Na share, na wanke tagogi, har kofi na dafa mata. Ta zagaya tana cewa kai, an kula da wurin nan. Sai ta ce in nuna mata takarda.

Ta duba ta ce, "Baba, wannan ai irin takardar mota ce."

Na ce, "Kin taɓa ganin mota da bayi biyu?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ƙasa take sayarwa da abin da ke kanta, ni kuwa ina da abin da ke kai, ba ni da ƙasar. Wai gidan gini kullum kuɗinsa hawa yake don ƙasar da yake kai, amma tirela, wato gida mai taya, da ke filin haya tun ranar da ta baro masana'anta take zubewa. Na ce ba tirela ba ce, gida ne. Ta ce, "To Baba, gida." Yadda ake ce wa yaro to.

Ban san abin da ya ja bakina ba. Na ce, ɗan gidan jan bulon nan na bayan cocin garinmu, mai karkataccen baranda, nawa zai yi? Ta latsa waya. Dubu ɗari biyu da goma.

Ban sha kofin ba. Ita ma.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Gidan Hershel ne. Ƙanin Earlene.

Shekara ɗaya muka saya, tamanin da bakwai. Ni na ba da dubu ashirin da huɗu, sabo fil, aka jawo shi kashi biyu a kan babbar hanya, mota gaba da baya da fitilu, aka haɗe shi a nan. Kafet har bango, murhu a leda. Shi ya ba da dubu ashirin da biyu ya sayi kango, rufi na yoyo, ɓeraye na zaman majalisa a kicin. Na yi masa dariya har na riƙe ciki. Na ce, "Yaro, ka sayi gida ko ka sayi aiki?" Shekara biyar yana zuwa wanka gidana don ruwan zafinsa ba ya aiki.

Ɗari biyu da goma. Ƙarya take yi.

Laraba, 11 ga Oktoba

Na kafa allo a taga: NA SAYARWA. Da na fito na duba, tagogi goma sha tara a layinmu duk da irinsa.

Asabar, 14 ga Oktoba

Oleta ta gidan gaba ta kawo mini wake da burodin masara. Mijinta ya rasu kafin Earlene da shekara ɗaya, tun lokacin take zuba mini ido kamar an ba ta ajiya. Ta ce ita ta sa hannu. Kamfanin na ba da dubu ɗaya da ɗari biyar in ka miƙa musu takardar, su rushe da kansu. In ka ƙi kuma ka bar shi a wurin, kai za ka biya kuɗin rusawa. Za ta tafi wurin ɗanta a jihar Tennessee.

Na ce, "Oleta, kin sayar da gida kuɗin tsohuwar firij."

Ta ce, "Kai dai ci wakenka, mai dubu sittin. In ka samu ka tuna da ni."

Waken ya yi gishiri.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Na sauko dubu arba'in. Ba wanda ya kira.

Talata, 24 ga Oktoba

Darla ta sa hotunan a waya. Mutum uku suka kira. Na farko ya tambayi shekarar ƙira, na faɗa, ya kashe. Na biyu ya ce banki ba ya ba da rance a kan irinsa, ko zan yarda ya riƙa biya kaɗan kaɗan? Na uku mace ce, labulen kawai take so.

Labulen Earlene.

Na kira filayen haya huɗu da kaina, ko in ja shi can. Duk bakinsu ɗaya: ba sa karɓar wanda ya wuce shekara ashirin. Na ce wa ɗayansu ya zo ya gani, ko ɗigo ba ya yi. Ya ce, "Dattijo, doka ce." Na ce dokar uban wa? Ya ajiye waya.

Litinin, 30 ga Oktoba

Yau kam.

Coy Fugate mai jan gidaje ya zo. Ya ce akwai wani manomi a ƙetaren kogi da zai iya ba da dubu biyar ya ajiye wa ma'aikatansa, in dai zai jawu. Dubu biyar! Na ce to duba.

Ya ɓalle kwanon da ya kewaye ƙasan gidan, ya shiga da tocila. Bai daɗe ba ya fito yana kaɗe gwiwa.

"Dattijo, ina ƙafafunsa?"

Na ce na cire.

"Ƙarfen jan fa?"

Na ce na yanke.

Ya cire hula ya sosa ƙeya. "Wa ya aike ka?"

Uwar Earlene ce ta aike ni, Allah ya jiƙanta in ya ga dama. Ta zo ganin gida shekarar farko, ta ƙi zama. Ta tsaya a tsakar falo da jaka a hammata ta ce ita ba ta haifi 'ya don ta kwana a kan taya ba, wai wata rana za a wayi gari na ja ta na gudu. Washegari na ɗauko wutar walda, ni da na yi shekara talatin ina walda a masana'antar akwatunan ƙarfe. Na yanke ƙarfen jan daga tushe, na sauke tayoyi da ƙarafansu na sayar, na zuba siminti na kafe ginshiƙan. Ɗakin ɗinkin ma da na ƙara, cikin rufin gidan na cusa katakonsa don kada a ce jingine yake. Na kira tsohuwar na ce zo ki gani, yanzu ko guguwa ba ta ɗaga shi.

Coy ya ce, "To ka yi aiki mai kyau. Ni ma ba na ɗaga shi." Wai in ya taɓa, rabewa zai yi tsakiya kamar biskit. Wai ko an samo ƙarafa, aikin ya ninka kuɗin gidan.

Awon jini yau, ɗari da tamanin da biyu. Ba zan nuna wa Darla wannan ba.

Laraba, 1 ga Nuwamba

An ja gida shida yau. Sababbi ne, na matasa. Na tsaya a baranda ina kallon su suna wucewa da labule a tagogi.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Darla ta zo daga garin Dayton bayan ta tashi aiki, idanunta jawur. Ta sa sunana a jerin gidajen tsofaffi, sun ce wata sha huɗu, ko fiye. Nata ɗaki ɗaya ne a hawa na uku, gwiwata ba ta kai ni.

Tana wanke kwanuka, ta ba ni baya, ta ce, "Baba, Kawu Hershel ya kira ni. Ya ce ɗakin ƙasa ba kowa."

Na ce ba kowa ɗin zai ci gaba da zama a ciki.

"Shekara huɗu fa, Baba."

Ko arba'in. Ranar da muka binne Earlene, a falon nan, mutane cike, da faranti a hannunsa ya ce yayarsa ta ƙare rayuwarta a cikin gwangwani. A kunnena. Na karɓe farantin na nuna masa ƙofa. Darla ta ce baƙin ciki ne ya sa shi. Ni fa, murna nake yi ranar?

Ta ce, "To ina za ka kwana ran sha shida ga wata?"

Na ce a gidana.

Ta fashe da kuka a kan kwanuka. Ban iya lallashi ba, uwarta ce ta iya.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Na cire kuɗin daga allon. Na rubuta KYAUTA, ZO KA JA. Wani maharbi ya zo, wai zai kai daji. Ya leƙa ƙasa, ya ce zai dawo. Na san irin wannan dawowar.

Ko kyauta.

Litinin, 13 ga Nuwamba

Abin da hannu ya yanke hannu zai iya mayarwa. Na je wurin masu tsohon ƙarfe na samo ƙarafan taya biyu, sun yi tsatsa amma ƙashinsu lafiya. Injin waldata na nan. Coy bai san komai ba, yaro ne. In na mayar da ƙafafu na farfasa simintin, manomin zai saya, in kama haya da kuɗin kafin sunana ya fito. Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Ba zan rubuta ba.

Juma'a, 17 ga Nuwamba

To zan rubuta, tunda ba mai karantawa.

Ran Laraba da hantsi na shiga ƙarƙashin gidan da rarrafe, ina jan ƙarfe ɗaya a bayana. Na kai tsakiya, na juya zan kwanta rigingine, sai bayana ya ce ƙas. Shi ke nan. Ba gaba ba baya. Ƙasa sanyi kamar ƙanƙara, cikin gidan a kan hancina, audugar tare sanyi ta zazzago tana shiga mini baki. Na ga tsatsar da ta ci ƙarfen ƙasan, wadda ban taɓa gani ba, don rabona da shiga nan shekara goma. Yatsa na sa ya shige. Ko da na mayar da tayoyin, ba abin da za su riƙe.

Na kwanta ina kallonta. Ban yi ihu ba da farko. Na ce to, Bledsoe, ga alkawarinka, sai dai ba akwatin. Daga baya sanyi ya kai mini ƙirji, na yi ihun.

Oleta ce ta ji. Ta kira Darla, Darla na Dayton, tafiyar awa biyu. Sai na ji ƙarar wata mota da na sani, ta Hershel, ashe Darla shi ta kira. Sai takalma biyu a bakin ramin, sai hasken tocila a idona.

"Wa nake gani? Mai gidan ne da kansa?"

Na ce, "Fita mini daga fili."

"Filin wa?"

Ya ƙara haska ni da tocilar.

"Yaya, ka koma hawa na ƙasa ne? Ai ba ka gaya mana gidan naka bene ba ne."

Na ce in na fito sai na fasa masa baki. Ya ce, "To fito." Oleta tana ta faɗa, "Ku tsofaffin banza, mutum zai mutu kuna wasa!"

Shi ma shekararsa saba'in da ɗaya, ga ciwon suga. Ya kwanta a kan cikinsa ya shigo, yana nishi kamar tsohuwar tarakta, ya shimfiɗa tamfol ya mirgina ni a kai, ya fita ya ja, Oleta ta kama gefe ɗaya. Ta ƙafa aka jawo ni daga gidana. Duk sauran mutanen layi suna tsaye.

Ya zaunar da ni a matakala, ya lulluɓa mini rigarsa. Ya yanke hannu a kwano, jini na ɗiga a kan wandonsa. Ya rame. Ba wanda ya gaya mini ya rame haka.

Ya ce, "Maganar nan da na yi."

Na ce wace.

Ya ce, "Ka sani."

Na ce ban sani ba. Ya tsaya yana kallon tagar ɗakin ɗinki, ya daɗe. Sannan ya shiga mota ya tafi. Ya manta rigar.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Bikin Ranar Godiya, kowa na cin abinci da danginsa. Darla na aiki. Oleta ta tafi jiya, ta rungume ni, ban san inda zan sa hannuwana ba. An yanke wa gidanta wuta tun kafin motar ta fita daga fili.

Na buɗe gwangwanin miya. Fitila uku kawai suka rage a layin. Na zagaya ɗakuna ina taɓa bango. Na buga da yatsa, na saurara. Da ban taɓa jin yana ƙara haka ba.

Me zan gode?

Litinin, 27 ga Nuwamba

Na kira dillaliyar, na kira Coy, na kira fasto. Fasto ya ce zai sa ni a addu'a, kuma akwai gado a ɗakin kwanan marasa gida na gari. Ni. Ni da na haɗa ƙarfen matakalar cocin kyauta.

Na auna bayan motata. In na cire akwatin kayan aiki, katifa za ta shiga. An ce dusar ƙanƙara na zuwa ran Asabar.

Juma'a, 1 ga Disamba

Na sa hannu. A wata 'yar rumfa da kamfanin ya kafa a bakin fili. Matar ta ce, "A nan, da nan, da nan." Ta karɓi takardar ta jefa a kwali tare da na sauran. Ta ce in bar mabuɗi. Na ce me za ku yi da mabuɗi, ba rusawa za ku yi ba? Ta ce haka tsarin yake.

Na kira Darla na ce kuɗin nata ne, dubu ɗaya da ɗari biyar, gadonta ke nan, ta yi haƙuri. Ta ce in na sake wannan maganar za ta daina ɗaukar wayata.

Asabar, 9 ga Disamba

Darla ta kwashe keken ɗinki da hotuna da labule. Na kwana ɗaya a mota don gwaji. Da safe yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa. Ban gaya mata ba.

Alhamis, 14 ga Disamba

An zo kan nawa da ƙarfe tara. Na ajiye mota a ƙetaren hanya. Ban jima ba wata mota ta tsaya bayana. Hershel ya fito da kujerun ninkewa biyu da fulas. Bai tambaye ni ba, ya buɗe ya zauna. Na tsaya a tsaye har gwiwa ta gaji.

Katafila ta sa haƙora a falon, ya yage kamar kwali. Wallahi kamar kwali. Na ga fentin kicin, shuɗin da Earlene ta zaɓa, a fili kowa na gani. Bayi biyun duka a ɗauka ɗaya. Ina jiran Hershel ya ce wani abu. Da ya ce, da na ji sauƙi, da na sami wanda zan zaga. Kofi kawai ya miƙo mini.

Sai suka zo kan ɗakin ɗinki. Direban ya buga, bai faɗi ba. Ya ja baya ya sake bugawa, rufin ya karkace amma bangon na tsaye. Ya leƙo ta taga yana kallonsa. Sai a na huɗu.

Hershel ya ce, "Kai, wane mahaukaci ne ya gina wancan?"

Na ce, "Sha kofinka."

Duka duka minti hamsin. Ya naɗe kujeru ya ce shi zai tafi, kuma hanyar garin ba ta canza ba. Na ce zan biyo in kawo masa rigarsa, ba wani abu ba.

Laraba, 20 ga Disamba

Gidan nan na Hershel sanyi ne da shi. Dubu ɗari biyu da goma, amma iska na shiga ta ƙasan kowace taga, famfon kicin na ɗiga, matakalar baya kuwa wata rana sai ta kashe mutum. Yana dafa ƙwai kamar yana jin haushinsa. Yana kunna talabijin ya yi barci. Allurar sugarsa ma ba ya ganin lambar sosai, jiya saura kaɗan ya ninka. Ni nake duba masa yanzu, don kada ya mutu a ce ni ne.

Na ce zan biya haya. Ya ce ya ga yadda hayata ta ƙare da Bledsoe, shi bai shirya mutuwa ba. Na ce to ba zan ci abincinsa ba. Na ci.

Darla ta kira, wai an ce wani ya fasa, sunana zai iya matsowa gaba a jerin gidajen tsofaffi, ko ta je ta yi musu magana? Na ce ta bar mutane su yi aikinsu, ba a matsa wa ma'aikata. Ta ce, "To Baba." Ina jin murmushin a muryarta, na kashe.

Na auna matakalar bayan. Katakon ya ruɓe duka, ƙarfe zan sa. Sai dai ba a zuba siminti a wannan sanyin, sai wajen Afrilu. Na gaya masa kada ya kuskura ya kira wani ya taɓa ta kafin lokacin.